Koyon Fiɗar Hanyar Numfashin Yara a Kan Mutum-mutumi

Gabatarwa

Kowace sana'ar hannu da koyo ake iya ta, koyo kuwa ba ya rabuwa da kuskure. Almajiri yakan yi rubutu a allo ya wanke, ya sake yi ya wanke, kafin malaminsa ya yarda ya ɗora alƙalami a kan takarda. Yaron tela a Sabon Garin Minna yakan daɗe yana ɗinka takardar buhun siminti kafin maigidansa ya miƙa masa shaddar mutane. Dalili kuwa a fili yake: allo ana wanke shi, takarda ana yar da ita, amma shaddar da aka ɓata sai an biya.

Aikin likitan fiɗa ma sana'ar hannu ce, sai dai abin da akan ɓata a cikinta ba ya biyuwa. Saboda haka masana aikin likita suka nemi hanyar da hannun mai koyo zai yi kurakuransa a kan abin da ba shi da rai, kafin ya taɓa jikin mai rai. Wannan darasi zai yi bayanin wannan hanya a fanni guda, watau fiɗar maƙogwaro da hanyar numfashin yara ƙanana, da dalilin da ya sa ta zama wajibi, da kuma abin da ya rataya a wuyan jama'a game da ita.

Yadda Hanyar Numfashin Yaro Take

Iskar da mutum ya shaƙa ta hanci ko ta baki takan bi ta maƙogwaro, ta wuce tsakanin tantanin murya guda biyu, ta gangara cikin wani bututu na guringuntsi. A cikin ƙirji bututun nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Na dama ya ɗan fi faɗi, ya kuma fi miƙewa, shi ya sa abin da ya ɓace hanya ya fi yawan faɗawa cikinsa. Hanyar abinci kuwa tana bayan wannan bututu, kuma akwai wani ɗan marfi da ke rufe hanyar iska duk lokacin da aka yi haɗiya.

Abubuwa uku ne suka sa wannan hanya ta fi hatsari ga yaro.

Na farko, ƙanƙanta. Inda ya fi tsukewa a maƙogwaron jariri, faɗinsa kimanin milimita 4 ne, watau bai kai kaurin fensir ba. In bangonsa ya kumbura da kaurin milimita 1 kewaye, abin da zai rage milimita 2 ne kurum. Ta nan kashi uku cikin huɗu na hanyar sun toshe, wahalar da iska za ta sha kafin ta wuce kuwa ta ninka har sau 16. Irin wannan kumburi da ƙyar babban mutum zai san da shi, domin faɗin bututunsa ya haura milimita 15.

Na biyu, gaggawa. In aka kwatanta da nauyin jiki, jariri yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na abin da babba ke ci, ga shi huhunsa ba ya ajiye iska mai yawa. Da zarar numfashi ya tsaya, nan da nan leɓunansa za su sauya launi, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa in ta yi minti 4 zuwa 6 ba iska.

Na uku, ɗabi'a. Yaron da bai kai shekara 3 ba duk abin da ya tsinta baki yake kai shi, turamen haƙoransa ba su gama fitowa ba balle ya tauna da kyau, ga shi yana ci yana gudu yana dariya.

Abubuwan da Ke Toshe Hanyar

Cikin abubuwan da suka fi yawan kai yara gaban likitan maƙogwaro cikin gaggawa akwai shaƙar wani abu. A ƙasar nan abubuwan da aka fi shaƙa sun haɗa da gyaɗa, da wake, da masara, da aya, da 'ya'yan kankana, da murfin biro, da ɗan usur na roba da ake samu cikin kayan wasa. 'Yan mata kuma sukan shaƙi fil ɗin da suka riƙe a leɓe suna ɗaura mayafi. Gyaɗa tana da sharri biyu: ba ta fitowa a hoton ƙirji, man da ke cikinta kuma yana sa bangon bututu ya kumbura. Wake shi kuma in ya sha danshi sai ya kumbura, abin da ya toshe rabin hanya jiya ya toshe ta duka yau.

Bayan wannan akwai mashaƙo, cutar da ke shimfiɗa wata yana mai kauri a maƙogwaro. Annobarta ta ɓarke a Nijeriya a ƙarshen 2022, ta kuma fi tsanani a Jihar Kano. Akwai wasu tsiro masu kama da kuraje da ke fitowa a kan tantanin murya, su dusashe muryar yaro, su riƙa dawowa bayan an cire. Akwai yaran da ake haifa da maƙogwaro mai laushi ko tsukakke, da waɗanda nasu ya tsuke bayan sun daɗe da bututun numfashi a asibiti.

Wahalar Koyon Wannan Aiki

In za a ciro gyaɗa daga huhun yaro, sai a sa shi barci da magani. Likita ya zura wani siririn bututun ƙarfe mai fitila ta baki, ya bi tsakanin tantanin murya har ya hango abin, sa'an nan ya zura dogon hantsaki ta cikin bututun ya kamo shi. Ta cikin wannan bututu ɗaya likitan fiɗa ke hange, ta cikinsa hantsaki ke wucewa, ta cikinsa kuma likitan sa barci ke hura wa yaron iska. Ramin da bai kai kaurin fensir ba ke nan mutum biyu ke rabawa. In aka matse gyaɗar da ƙarfi sai ta dagargaje ta bazu. In aka riƙe ta sako-sako sai ta suɓuce a ƙarƙashin tantanin murya, inda za ta iya toshe huhun duka biyu.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 tsarin koyar da likitocin fiɗa shi ne mai koyo ya tsaya kusa da malami a gefen majinyaci, ya ga an yi, ya yi da kansa, sa'an nan ya koya wa na bayansa. Tsarin ya fitar da gwanaye masu yawa, amma a wannan fanni yana da naƙasu. Aikin ba kullum yake zuwa ba, mai koyo yana iya yin watanni bai gan shi ba. Ranar da ya zo kuwa sau da yawa da tsakar dare ne, yaro yana shure-shure, babu sararin da malami zai tsaya yana bayani. Ga shi wurin ya yi ƙanƙanta har mutum ɗaya ne kaɗai ke iya gani, sai fa in bututun yana da kyamara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin Koyo a Kan Samfuri

Dabarar ba ta yau ba ce. A tsohuwar Indiya, littafin likita Sushruta ya umarci ɗalibai su koyi yanka a kan duma da kankana, su koyi ɗinki a kan ƙyalle da fata. A Andalus, Ibn Zuhr na birnin Ishbiliya, wanda ya rasu a 1162, ya so ya tabbatar cewa huda maƙogwaro don buɗe wa mai shaƙewa hanyar iska ba ya kisa. Bai gwada a kan mutum ba, sai ya yi aikin a wuyan akuya, ya yi jinyarta har ta warke, ya rubuta abin da ya gani cikin littafinsa Kitab al-Taisir.

A 1897 wani likitan Jamus, Gustav Killian, a birnin Freiburg, ya zura bututun ƙarfe ya ciro guntun ƙashi daga reshen huhun dama na wani manomi. Daga nan fannin hangen cikin huhu ya samo tushe. Wanda ya raya shi a Amurka shi ne Chevalier Jackson, wanda ya rayu daga 1865 zuwa 1958. Abubuwa fiye da 2,000 da ya ciro daga maƙogwaro da huhu da hanyar abincin mutane, kamar fil da maɓalli da kwabo, suna ajiye a wani gidan tarihin likitanci a Filadalfiya. Al'adarsa ita ce in abu mai wuyar cirewa ya zo, sai ya nemi irinsa, ya sa cikin bututun roba, ya yi ta gwada kamu har hannunsa ya gane, sa'an nan ya nufi majinyaci. Haka kuma ya horar da ɗalibansa.

Masu jirgin sama ma sun bi wannan hanya. A 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi a ƙasa, yau kuwa matuƙan manyan jirage sukan gwada mutuwar inji da tashin wuta cikin irin wannan na'ura tun kafin su gamu da su a sama. A 1960 wani maƙerin kayan wasan yara a ƙasar Nowe, Asmund Laerdal, ya fito da mutum-mutumin koyon hura wa wanda ya suma numfashi, wanda ya bazu ko'ina a duniya.

Ire-iren Samfuran da Ake Amfani da Su

1. Samfuri mai sauƙi. Bututun roba mai rassa biyu, ko tiyo siriri da aka kafa a katako, a jefa gyaɗa ko dutsen ado a ciki. Da shi mai koyo ke sabawa da haɗa kayan aiki, da riƙon hantsaki, da auna nisa ta cikin rami.

2. Maƙogwaron dabba. Na ɗan rago, ko na ɗan akuya, ko na zomo, yana kusa da na yaro a girma da laushi. Ana samunsa a kwata bayan an yi yanka. A kansa ake koyon huda maƙogwaro a sa bututu, da yanke wurin da ya tsuke a haɗa bakin biyu a ɗinke.

3. Samfurin da na'ura ta ƙera. Akan ɗauki hoton cikin jikin yaro da na'urar siti-sikan, kwamfuta ta fitar da siffar maƙogwaron, wata na'ura kuma ta gina siffar sukutum, shimfiɗa bisa shimfiɗa, ko ta gina mazubin da za a zuba roba mai laushi da ake kira silikon. Ta haka ana iya samun kwafin maƙogwaron wani yaro takamaimai, likita ya gwada aikin yau, ya yi shi gobe. Akwai wata babbar fiɗa da Robin Cotton ya shahara da ita tun shekarun 1970, inda ake ɗebo guringuntsin haƙarƙarin yaro, a sassaƙa, a dasa don faɗaɗa maƙogwaron da ya tsuke. Guringuntsin da za a iya ɗebowa kaɗan ne, in aka ɓata sassaƙa an yi asara. Likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka suna cikin waɗanda suka ƙera guringuntsin kwaikwayo don mai koyo ya sassaƙa ya ɓata son ransa.

4. Cikakken mutum-mutumi. Wannan jariri ne na roba da kwamfuta ke sarrafawa. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, yana kuka, ana jin bugun zuciyarsa, malami kuma yana iya sa maƙogwaronsa ya shaƙe daga wani ɗaki.

5. Kwaikwayon kwamfuta zalla, inda mai koyo ke riƙe da abin da ya yi kama da bututun hange, yana kallon cikin huhu a allon na'ura.

Yadda Ake Gudanar da Darasi

Mallakar samfuri kawai ba ta sa a iya. Da farko akan rarraba aikin gaɓa-gaɓa: shirya kaya, kwantar da kan yaro daidai, shigar da bututu ba tare da taɓa haƙori ko tantanin murya ba, kamu, da fitarwa. Mai koyo ya maimaita kowace gaɓa, malami yana tsaye da takardar awo yana gyara, ba zai wuce gaba ba sai ya kai mizanin da aka gindaya. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Daga nan sai a haɗa ƙungiya duka, likitan fiɗa da likitan sa barci da nas-nas, a ɗakin da aka shirya kamar na fiɗa. Ana cikin aiki malami zai sa iskar jaririn roba ta ragu, ko fitila ta mutu, ko gyaɗa ta suɓuce, ya ga wa zai yi magana, wa zai miƙa me, wa zai ce a dakata a hura iska. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɓarna da yawa a ɗakin fiɗa daga rashin fahimtar juna take fitowa. Bayan an gama sai a zauna a bi abin da ya faru daki-daki, ba tsawa ba wulaƙanci. Malaman wannan fanni sun ɗauki wannan zama a matsayin zuciyar darasin, domin a nan ne ƙaramin ma'aikaci ke koyon buɗe baki ya faɗa wa babba cewa ga hatsari.

Amfaninsa da Iyakarsa

An auna amfanin wannan hanya. A 2002 aka buga sakamakon wani bincike na Jami'ar Yale ta Amurka a kan likitoci 16 masu koyon fiɗa. Aka ba rabinsu horo a na'urar kwaikwayo, sa'an nan dukansu suka yi aikin cire matsarmama a jikin majinyata. Waɗanda suka sami horon sun fi sauri da kashi 29 cikin 100, kurakuran sauran kuwa sun ninka nasu kusan sau 6. Aikin ciki ne wannan, amma hannu da ido iri ɗaya ake horarwa.

Duk da haka roba ba ta zubar da jini kamar nama, ba ta kumbura, ba ta kuma da uwa da ke jira a bakin ƙofa. Samfuri share fage ne. Bayansa lalle mai koyo ya yi aiki a kan majinyata ƙarƙashin idon malami, sai dai zai zo musu da hannun da ya riga ya saba.

Halin da Ake Ciki a Ƙasar Nan

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yakan yi shekara 6 a jami'a, sa'an nan ya ƙara wasu 5 ko fiye yana neman ƙwarewa. Hukumomi biyu ne ke yi masa jarrabawa: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda ta samo asali a Ibadan a 1960. A arewa ana ba da irin wannan horo a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin koyarwa irin su na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da wani tsari na shekara 5 don kyautata aikin fiɗa, wanda ya ba fiɗar yara muhimmanci. Amma ƙwararrun ba su wadaci jama'a ba, akasarinsu kuma a manyan birane suke.

Alal misali, a ɗauka yarinya 'yar shekara 2 ta shaƙi gyaɗa a Sabon Garin Minna da daddare. Cikin garin akwai Babban Asibiti, akwai Asibitin Ƙwararru na IBB. In an dace da likita mai horo da kayan aikin da suka yi daidai da girmanta, cikin ɗan lokaci an gama. In kuwa sai an tura ta gaba, Bida tana da nisan fiye da kilomita 80, Abuja kuwa kimanin 150. Yarinyar da hanyar iskarta ke rufewa ba lalle ta kai ba. Ke nan waɗanda suka fara karɓar ta, likita da nas, su ne suka fi bukatar sanin yadda za a riƙe mata numfashi, su ne kuma ba safai suke ganin irin wannan aiki ba. Nan ne amfanin samfuri ya fi fitowa, domin da shi ana iya maimaita horon a kai a kai ba sai an jira hatsari ba.

Kuɗi ma ba hujja ba ne na a zauna. Cikakken mutum-mutumi yana da tsada, amma kowane gari yana da kwata, tiyo da gyaɗa kuwa suna kasuwa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana yaye injiniyoyi. In makarantu irinta suka haɗa kai da asibitoci, mazubi guda zai iya fitar da maƙogwaron roba masu yawa.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Jama'a

Kalma ɗaya ce a Hausa ake faɗa wa gwanintar likita da kuma sarƙewar yaro, watau ƙwarewa. Ta farko aikin hukuma ce da malamai, hana ta biyu kuwa daga gida yake farawa.

1. Kada a ba yaron da bai kai shekara 4 ba gyaɗa ko aya ko gugguru ɗungum, sai an niƙa. Kada a ɗura wa yaro abinci ana toshe masa hanci.

2. A kawar da usur, da maɓalli, da ƙaramin batir, da fil daga inda yara ke wasa.

3. In yaro ya ƙware yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. Kada a cusa yatsa cikin bakinsa ana lalube, kada a ba shi ruwa ko manja.

4. In ya kasa tari ko kuka: jaririn da bai shekara ba, a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5. Wanda ya haura shekara, a sunkuyar da shi a buga bayan sau 5, sa'an nan a rungume shi ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5. A ci gaba da haka ana neman asibiti. Wannan ma a kan 'yar tsana ake koyonsa, ya kamata iyaye da malaman makaranta su nemi ma'aikatan lafiya su nuna musu.

5. Ko tarin ya lafa, a kai yaron asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita abin da yake ci lokacin da abin ya faru. Gyaɗa takan yi shiru a huhu kwana da kwanaki, sa'an nan ta ɓullo da zazzaɓi da tari da ba sa jin magani.

6. Dusashewar muryar da ta wuce mako 3, ko ƙara a numfashin jariri, abin kaiwa asibiti ne. Yanke beli ba ya maganinsu.

7. A kai jarirai allurar rigakafin mashaƙo a mako na 6, da na 10, da na 14. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka sa hanyar numfashin yaro ta fi ta babba hatsari?
2. Me ya sa gyaɗa da wake suka fi dutsen ado ɓarna in an shaƙe su?
3. A kan me Ibn Zuhr ya gwada huda maƙogwaro, kuma don me?
4. Kawo ire-iren samfura uku, da abin da ake koya a kan kowanne.
5. Wane samfuri ne ƙaramin asibiti zai iya tanada ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba?
6. Me za a yi wa jaririn da ya ƙware ya kasa kuka?